Suna Cewa An Yi Masa Buɗi, Ni Kuma Ni Nake Wanke Flas Ɗin

Daga cikin saƙonnin da aka turo mana. Mai saƙon ta nemi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan uwa na wannan zaure. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan, har ina sa baki kamar wata mai hankali, yau ga shi layi ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, kuma admin a rufa min asiri kada sunana ya fita, domin garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa har kajinsa.

Ni matar aure ce, muna zaune a wani ƙauye ta wajen Ɗanbatta, irin garuruwan nan da gona take manne da gona, ba ka sanin inda taku ta ƙare sai ka ga jerin gamba. Mijina manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, in rani ya yi kuma ya kiwata awaki ya kai kasuwar Ɗanbatta. 'Yarmu ɗaya, sunan mahaifiyarsa aka sa mata shi ya sa muke ce mata Ummi, yanzu ta fara zuwa islamiyya. Wallahi mutumin kirki ne, ko sigari bai taɓa sawa a bakinsa ba, goro ma ba ya ci. Ina so ku riƙe wannan kafin ku ji sauran, domin na san wasu za su yi saurin cewa ɗan shaye-shaye na aura.

Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, da muke kira Baba Malam, shi ne limamin unguwarmu, kuma duk yayyen mijina sun haddace Alƙur'ani, har da wanda ya rubuta shi da ka. Shi kaɗai ne haddar ta ƙi zauna masa, ya dai yi sauka, ya kama fartanya. Baba Malam bai taɓa zaginsa a kan haka ba, ni a ganina ma da ya zage shi da ya fi sauƙi. Kawai dai ba ya ganinsa. In baƙi sun zo zaure zai riƙa nuna 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, wannan alaramma ne, wannan yana koyarwa a birni, in an zo kan mijina sai ya ce wannan kuma shi ne na gona. Hatsin da gidan gaba ɗaya yake ci shi yake nomawa, amma sunansa ke nan, na gona. Yakan mayar da abin wasa in ya shigo, ya ce min ga na gona ya dawo a kawo tuwo, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san ba wasa ba ne.

Bara bayan kaka aka yi bikin wani abokinsa a ƙauyen da ke gaba da mu. Abokan ango, Allah ya shirye su, suka zuba zaƙami a cikin zoɓon da aka raba, wai don a yi nishaɗi. Wanda bai san zaƙami ba, shi ne ɗan itacen nan mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, yana fitowa a juji da bayan gidaje, ko akuya ba ta kula shi. Mijina bai sani ba, ga rana ga ƙishirwa, ya sha ya ƙara. Wajen la'asar aka kawo min shi a kan mashin, mutum ɗaya yana riƙe da shi ta baya. Jikinsa zafi rau amma babu ɗigon gumi, bakinsa ya bushe ƙamas, baƙin idonsa ya buɗe ya cinye ko'ina. Yana ta tsintar wani abu a iska yana zubawa a aljihu, yana gaisawa da kakansa da ya rasu tun yana yaro, har yana matsa masa wurin zama.

Kafin ka ce me gida ya cika. Ana cikin tofa masa addu'a sai ya ɗaga kai ya ce san Alhaji yana kwarin kuka, igiyarsa ta sarƙe. To akwai wani Alhaji maƙwabcinmu da san huɗarsa ya ɓace tun jiya ana ta nema. Aka ruga kwarin, sai ga sa a tsaye, igiya ta naɗe a kututture. Shi ke nan. Kafin magariba magana ta zaga gari cewa an yi wa ɗan gidan Malam buɗi. A gidajen malamai in an ce an yi wa mutum buɗi, ana nufin Allah ya yaye masa labule yana ganin abin da sauran mutane ba sa gani, kuma dama ana cewa kakan nan nasa haka yake. Abokan da suka yi aika-aikar kuwa kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, ai ba za su fito su ce mu muka sa wa ɗan liman abu a zoɓo ba. Ni ma sai daga baya matar ɗaya daga cikinsu ta tsegunta min.

Da ya dawo hayyacinsa bai tuna komai ba, ko hawa mashin ɗin. Amma da na ba shi labarin san sai ya yi dariya, ya ce ai shi da idonsa ya wuce shi da safe a hanyar zuwa bikin, ya yi niyyar aika wa Alhaji sai hidima ta mantar da shi. Na ce to ka je ka gaya wa Baba tun abin bai yi nisa ba. Ya ce yanzu kuwa. Ya fita zaure, ya daɗe, da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya zauna bakin gado ya ce, "Baba ya sa an ɗauko buzun Kaka an shimfiɗa min kusa da nasa. Ya ce min Malam, matso nan." Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma bai faɗa wa Baba komai ba.

Daga nan mutane suka fara zuwa. Mai ɓatan akuya, mai neman haihuwa, wanda ɗansa ya tafi kudu aka daina jin ɗuriyarsa. Mijina ya zauna a kan buzu, ba ya ganin komai, don babu abin gani, sai ya ce a je a yi ta addu'a. Da aka yi haka aka yi haka, sai Baba Malam ya fara yi masa irin kallon da yake masa a da, har ya ce masa ko dai ya yi wasa da abin da aka ba shi ne aka karɓe. Ba a jima ba na ga ya sayo flas, ya ce daga yau shi zai riƙa dafa shayinsa da kansa, wai akwai addu'ar da yake yi a ciki. Dafawa tasa ce, amma wanki nawa ne. Ranar da na juye flas ɗin na ga ƙananan 'ya'ya masu ruwan ƙasa sun kwanta a gindi, nan take na gane 'ya'yan zaƙami ne, domin muna yara an sha dukanmu a kan wasa da su. Na san su kamar yadda na san gero.

Mun yi rigima ranar, irin wadda ba mu taɓa yi ba. Da farko ya ce ba zaƙami ba ne, da na shimfiɗa masa su a tafin hannu sai ya ce kaɗan yake sawa, kuma sai ranar da baƙi za su zo, shi ba ɗan maye ba ne, ba don daɗi yake sha ba, abin ma ba shi da daɗi ko kaɗan, tsoro ne zalla. Na ce to don me. Ya ce in bai sha ba ba ya ganin komai, in bai ga komai ba buzun nan za a naɗe. Na ce ai abin da kake gani ɗin ma ba gaskiya ba ne, yaudarar bayin Allah ake yi. Ya ce shi bai taɓa cewa kowa ga abin da zai faru ba, magana kawai take fita, su suke fassarawa. Kuma a nan bai yi ƙarya ba. In ya ce ruwa, mai neman haihuwa ta ce an ga rabo, mai ɓatan akuya ya tafi bakin rafi. Wanda ya dace a yi ta yaɗawa, wanda bai dace ba a ce shi ne bai gane ishara ba. Abin da aka kawo na kaji da hatsi kuwa ko kallo ba ya yi, duk wajen Baba ake kaiwa. A ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce in na faɗa wa mahaifinsa, to in ɗauka na binne shi da ransa.

Ni kuma a gari na zama matar Malam. Matan da a da in mun haɗu a gidan suna sai dai su amsa min gaisuwa da hanci, yanzu har durƙusawa suke, wata ma cewa ta yi in taimaka mata da ragowar shayinsa ta ba ɗanta mai jarrabawa. Na ce mata ya ƙare. Na shiga ɗaki ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, yanzu abin ya wuce ranar da ya sha. Ko bai taɓa flas ɗin ba sai ya ce tururuwa ta rufe bango, ya tashi yana kakkaɓewa, bango kuwa fes. Yana jin ana kiran sunansa daga cikin rumbu. Zai ci abinci ya wanke hannu, an jima ya tambaye ni yau ba za a ba shi abinci ba ne. Sallah yana rikicewa a raka'a, mutumin da ko a gona ba ya bari lokaci ya wuce shi. Da damina ya tafi noma ya wuni yana nome gonar maƙwabci, tamu gyaɗar kuwa ciyawa ta cinye ta, bana sai dai abin da Allah ya tsare. Haske yana damun idonsa har ya koma sa baƙin gilashi, mutane kuma suka ce saboda nauyin abin da idon yake gani ne. Ya rame, barci sai gyangyaɗi, zuciyarsa wani lokaci ina jin bugunta daga inda nake zaune. Na bi bayan gida na tuge duk zaƙamin da na gani na ƙone shi, amma a ƙauye da damina wane juji ne babu shi.

Da na rasa yadda zan yi na kira 'yar kawuna, Yaya Binta, nas ce, tana aure a Rijiyar Zaki cikin Kano. Na zayyana mata komai. Ta yi salati, ta ce min abubuwan da suke sa mutum ya ga abin da babu suna da yawa, akwai na bature akwai na daji, amma zaƙami yana cikin mafiya muni, domin wasu in mutum ya sha yana iya sanin cewa abin da ya sha ne yake nuna masa, shi kuwa wannan ba ya barin ka sani. Ta ce ƙwaƙwalwa tana da hanyoyin da saƙo yake bi, shi kuma yana toshe waɗanda suke riƙe tunawa da rarrabe gaskiya da mafarki, sai mutum ya yi ta mafarki ido biyu yana yawo a cikinsa. Ta ce babu wani kaɗan a zaƙami, domin ba shi da awo, ƙarfin na wannan itacen daban da na wancan, abin da ya sha jiya ya tashi yana iya sha gobe a ɗauki gawarsa. Sai ta tambaye ni ko akwai mai taɓin ƙwaƙwalwa a danginsu, wai in akwai ciwon a jini irin waɗannan abubuwa suna iya tayar da shi, ya zauna ko an daina sha. Ta ce tun da har yana gani ba tare da ya sha ba, kada in ɓata lokaci, likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya gan shi, kuma da yawa suna samun sauƙi in an zo da wuri.

Na ɗauki maganar na kai wa Inna, mahaifiyarsa, na same ta ita kaɗai tana ɓarar gyaɗa. Na cire kunya na faɗa mata komai har flas ɗin. Na zaci za ta yi salati ko ta ƙaryata ni, sai ta ci gaba da ɓararta ba ta ɗago ba, ashe ta riga ta gane. Da na tambaye ta maganar dangi sai ta ce tana da ƙane da aka ce iska ta shafe shi yana saurayi, ya yi ta jin ana kiransa, wata rana ya bi kiran, har yau. Na ce to Inna ai sai mu tashi tsaye. Ta ce, "'Yar nan, tun yana ƙarami yake leƙen zauren nan daga bakin ƙofa. Ki bar shi ya ɗan zauna kusa da ubansa." Hawaye yana zuba a cikin gyaɗar tana faɗa. Na kasa jin haushinta, kuma na kasa yafe mata.

Satin da ya wuce da rana tsaka yana zaune a tsakar gida yana wasa lauje, Ummi ta dawo daga islamiyya ta ruga wajensa kamar yadda ta saba. Akwai wata 'yar sarƙar duwatsu baƙa da na saya mata da sallah, tana wuyanta. Sai na ga ya zabura ya ce maciji, ya damƙi kafaɗarta ya ɗaga laujen. Ban san lokacin da na bar bakin murhu ba, na dai tsinci kaina a tsakaninsu, laujen ya same ni a damtse, ba sosai ba, ya warke ma. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba, ta tsaya tana kallonsa. Tun ranar in ta ji sallamarsa sai ta shige bayan zanina, ita da a da take kwana a kan cinyarsa.

Da labari ya kai zaure, Baba Malam ya ce sammu aka yi wa yarinyar, shi ne uban ya gani ya kore shi, a yi sadaka. Ya ƙara da cewa buɗin mijina ya yi ƙarfi, zama cikin mata da yara ba zai yi masa ba, don haka da an gama yankan dawa zai sa shi halwa. Wato a rufe shi shi kaɗai a ɗakin da ke bayan masallaci yana wuridi, ba mai shiga ba mai fita, abinci a ajiye a bakin ƙofa, har sai Baba ya ce ya isa. Kowa yana ta barka. Ni kuwa abin da nake gani shi ne mutum ɗaya a ɗaki a rufe da flas, ba ni a kusa balle in zubar in ce hannuna ne ya kuɓuce. Dawa kuma ta riga ta yi ja a gona.

Ga inda na tsaya. In na je na faɗa wa Baba Malam, ni da ko ido ba na haɗawa da shi, suruka ce za ta tsaya ta ce wa liman abin da ya yi ta shela a gari 'ya'yan juji ne. Ko ya ce hassada nake ko aljani ne ya shige ni, a kora ni gidanmu, ko kuma ya yarda, ya naɗe buzun, ya koma ba ya ganin ɗansa har abada, kuma na san mijina ba zai ɗauki wannan ba. Yaya Binta ta ce in kawo shi Kano da sunan za a duba masa ido, tun da kowa ya san idon yana damunsa, ita za ta haɗa mu da likitan. Amma yaudarar miji ce, kuma ranar da aka ji inda muka je, a garinmu ba a cewa asibitin ƙwaƙwalwa, asibitin mahaukata ake cewa, Ummi ta tashi daga jikar liman ta koma 'yar mahaukaci, har ranar aurenta sai an tuna mata. In kuma na ɗauki 'yata na tafi gidanmu, na tsirar da ita, amma na bar shi a hannun masu yi masa barka. Ina son mutumin nan, ban taɓa faɗa a gaban mutane ba sai yau da ba a san ni ba. Zuciyata ta karye, ina kallonsa yana tafiya kaɗan kaɗan alhali yana zaune a gabana.

Jiya da safe ya tashi garau, irin safiyar da nake samun mijina na da, har ya tambayi awaki. Ina dama koko, Ummi tana can gefen rumbu tana wasa da gwangwani, ba ta yarda ta matso ba. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya sauke murya yadda ba za ta ji ba ya ce, "Maman Ummi, zan tambaye ki, don Allah kada ki ɓoye min. Yarinyar can, ke ma kina ganinta, ko ni kaɗai ne?"

Na ce ina ganinta, 'yarka ce, Ummi ce. Ya ce alhamdu lillahi, ya ce dama yana tsoron kada a ce ita ma babu ita.

'Yan uwa, wanda ya taɓa ganin irin wannan, ko likita, ko malamin da zai gaya min gaskiya tsakaninsa da Allah, ku taimake ni. In tunkari Baba Malam, ko in sa shi a mota da sunan ciwon ido, ko in ɗauki 'yata in tafi? Kada ku ce min in yi haƙuri in yi addu'a kawai, ina yi, ban fasa ba. Ku gaya min abin da zan yi da ƙafata kafin a yanke dawar nan.